Rigar Algarara a Badi'a

A wata tsohuwar gonar taba a Amurka, wadda aka mayar gidan tarihi, na taɓa ganin rigar bawa a bayan gilashi. Na ga suturar talaka a Masar, na gani a Indiya, amma ban taɓa ganin yadi mai kaushi irin wannan ba. Matar da ke zagayawa da mu ta ce a cikinta suke noma, a cikinta suke kwana, a cikinta suke zazzaɓi. Kuma bawa ba ya cewa ba shi da lafiya. Mai tsaron gona ne zai dube shi ya yanke ko ciwo ne ko lalaci.

Da ɗalibanmu na nan Riyad suka roƙi in yi musu bayani a kan rayuwar bayin nan, sai na cika baki. Na ce ba zan faɗi abin da fatata ba ta ɗanɗana ba, zan sa irin rigar daga asuba har magariba.

Na kai wa wani tela ɗan Maraɗi a kasuwar Batha buhun algarara. Ya juya buhun, ya dube ni.

"Baba Alhaji, gero za a zuba, ko kai za a zuba?"

"Ni za a zuba."

"To, Allah Ya ba da sa'a. A sa aljihu?"

Na ce bawa me zai ajiye a ciki.

Ranar gwaji na hau saman gidanmu a unguwar Badi'a da tsintsiya, shara ce nomana. Tsakiyar zafi ne. Kafin hantsi wuyana ya soma zugi, gumi ya jiƙa zaren, kowane sili ya zama ƙaya. Na yi susa, ina ƙorafi da harsuna huɗu, babu wanda ya taimaka.

Hajiya, matata, ta leƙo daga ƙofar bene.

"Malam, bayin Amurkan ma da ruwan sanyi a gefe suke noma?"

Na ce sha'anin ilimi ne, ba za ta gane ba. Ta ce ta gane, ƙuraje ne suka feso mini har kunne.

Ban kai azahar ba. Na tuɓe rigar na yar, na sauko na kwanta a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, iska mai sanyi tana bi na, Hajiya tana shafa mini magani tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ranar taro na zo da farar jallabiya mai laushi, wuya duk man shafawa. Wani ɗalibi ɗan Zinder ya ɗaga hannu.

"Baba, yanzu dai ka ji abin da suka ji?"

Na so in ce e, don idanu duk suna kaina.

Na ce, "Ƙaiƙayi kawai na ji, ɗana. Da ya ishe ni na cire, ban nemi izinin kowa ba. Sauran ban san shi ba, abin da aka gaya mini zan gaya muku."