Fom Ɗin da Na Cike wa Malamina

Lokacin da abin ya faru ina ƙaramar ma'aikaciya a wata jami'a a nan Kaduna, ga rawar kai, ga ganin na iya kwamfuta. Da aka yanke shawarar fara koyarwa ta intanet, sai aka ba ni fom in bi malaman sashenmu ofis-ofis, kowa ya faɗi abin da bai iya ba, don a san wanda za a tura horo.

Na gama da kowa, saura wani dattijo da ya koyar da ni tun ina aji ɗaya, kuma aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Sau biyu ina shiga ofishinsa, in gaishe shi in fito. Da wane baki zan tambayi mai furfura ko ya iya kunna kwamfuta? Sai na koma teburina na cike masa da kaina, kowane layi na sa ya iya. Har ina yaba wa kaina, wai na rufa masa asiri.

Aka yi horo ba shi. Ranar darasinsa na farko ya zauna ya yi ta bayani kusan awa guda, ashe makirufo a kashe yake. Ɗalibai na ta turo saƙo, bai san inda ake dubawa ba. Wani marar tarbiyya ya ɗauki bidiyon ya watsa. Kafin zangon ya ƙare, an karɓe darasin da ya yi shekara da shekaru yana koyarwa an ba wani.

Na same shi a gida a Unguwar Dosa na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya laluba aljihu ya miƙo min wata takarda da ta sha ninki. Abubuwan da yake so a koya masa ne, ya jera su da hannunsa. Ya ce duk zuwan da na yi yana ganin fom ɗin a hannuna, yana jira in miƙo masa.

Har yau in na tuna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gane ba shi na kare ba, kaina na kare daga nauyin tambaya. Don Allah, duk wanda aka aika ya tambayi babba abin da bai sani ba, ya daure ya tambaya. Takardar tana cikin jakata, shi kuwa Baba ya ajiye aiki ba a koya masa ko ɗaya ba.