Ranar da Aka Rataya Tuta Bisa Teburin Lamba

Shekarun baya, ƙasa ba ta daɗe da samun 'yanci ba, na gama kolej aka tura ni gidan likita a Gazawa. Ina ji da kaina sosai: farar riga, Faransanci a baki, haƙuri kuwa ko na magani babu.

A shekarar agana ta ɓulla wajen Cadawa. Aka ce mu shiga ƙauyuka mu yi wa yara lamba, 'yar shasshawar nan ta damtse da ke hana cutar. Muka kafa tebur ƙarƙashin gawo a wani ƙauye. Mata sun yi layi ke nan, sai ga shugaban jam'iyya mai mulki na garin da maroƙinsa. Ya ɗaura tutarsu a reshen da ke bisa kaina. Maroƙi ya wage baki: "Ku zo ku amshi lambar jam'iyya! Kyautar manya!"

Rabin garin nan kuwa 'yan ɗaya ɓangaren ne. Ina kallo layi ya fara watsewa. Wata mata da na riga na kama hannun ɗiyarta ta fizge ta.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ubanta ba naku ba ne. In mai da masa ita da lambarku a jiki, wadda ba ta gogewa?"

Na rantse mata cewa magani ne kawai. Ta nuna tutar da haɓa: "To waccan fa?" Ta goya yarinyar ta wuce.

Raina ya ɓaci. Na taka tebur da takalmina, na kwance tutar, na miƙa wa shugaban. Na ce, "Baba, ga kayanka. Agana ba ta tambayar wa aka zaɓa."

Ya ce, "Ke yarinya, kin san gwamnatin wa kike wa aiki?"

Na ce, "Ta duk mai damtse."

Babbanmu a wurin aiki ya raɗa mini, "Madamazel, kin kashe mu." Wasu matan sun dawo layi. Uwar yarinyar nan ba ta dawo ba. Ni kuma ba a yi wata ba aka maida ni Gidan Rumji, wai ba ni da ladabi. Wannan kam ba su yi ƙarya ba.

Daga baya na gamu da matar a kasuwar Cadawa. Yarinyar ta rayu, amma fuska duk zanzana, ido ɗaya ya tafi. Muka gaisa, kowa ta kama gabanta.

Abin da ke ci mini rai, shugaban nan bai ƙara ko mutum ɗaya a jam'iyyarsa ba ranar. Idon yarinya kawai ya ci. Yanzu ba sa zuwa da tuta, sai su aiko mana da zane mai hoton manya wai mu ɗaura a wurin aiki. Nawa yana nan a gida, shi nake shimfiɗawa in shanya kuɓewa.