Gilashin da Inna ta Liƙe

Kawu direba ne tun yana saurayi, kuma da akori-kurar mahaifinsa ya koyi tuƙi. Da ya ajiye aiki, sai ya janyo ta daga bayan gida, inda kaji suka mai da ita ɗakin saka ƙwai, ya ce sai ya ga ta tashi kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Komai ya ba da kai, ban da gilashin gaba. Irin na da ne, mai ɗan hannu a tsakiya: a murɗa, ƙasansa ya buɗe, iska ta shigo. Tun Kawu yana yaro ya daina buɗuwa. Dole a cire shi kafin a yi fenti, ga shi ya kafe. An kwance notuna, an tsiyaya mai, ko gezau.

"Tsatsa ce, Baba," in ji makaniken da ke taya shi. "A fasa kawai, a yanko sabo."

"To ka haɗa da ni ka fasa," Kawu ya ce. Ta cikin gilashin nan ya fara ganin hanya, yana zaune a cinyar mahaifinsa.

Ana cikin haka yayarsa ta shigo tana dogara sanda.

"Auta, har yau ba ka bar wasa da ƙarfe ba?"

"Yaya, jikokina fa suna ji."

Ta ƙanƙari gefen gilashin da farce, ta sansana, sai dariya ta kama ta.

"Ba tsatsa ba ce. Aikin Inna ne."

Ashe mahaifinsu ya yi fama da tari, ga shi da son buɗe gilashin ko a lokacin sanyi. Inna ta yi magana har ta gaji. Ran nan yana barcin rana, ta yagi bakin zanenta, ta tsoma a narkakkiyar kwalta, ta cusa a kewayen da tsinin wuƙa.

"Ni na riƙe mata gwangwanin," in ji Yaya.

"Baba bai gane ba?"

"Da wannan warin? Ya murɗa, ya dube ta, ya ce, 'Oho, tsatsa ce.' Bai sake taɓawa ba."

Suka tura motar cikin rana har kwaltar ta yi laushi. Kawu ya bi gefen da siririyar wuƙa, makaniken na tallafe da gilashin. Ya fito lafiya lau, tsumman na biye da shi. A cikin ninkin, inda kwalta ba ta kai ba, shuɗin furannin zanen yana nan.

Kawu ya daɗe yana shafa shi da yatsa. Sai ya yi ɗan tari, ya ce in an gama fenti zai bar gilashin a buɗe, ya sha iska.

Yaya ta kama bakin zanenta. "Buɗe mana, Auta. Nawa ma yana yaguwa."