Inna Mai Shayi Za Ta Bar Ɗakin Jiran Jirgi

Kafin fasinjan farko ya wuce wurin bincike, Inna Mai Shayi ta riga ta ɗora ruwa ta goge tebura. Shagonta ɗan lungu ne a ɗakin jiran jirgi, tsakanin mai turare da mai cajar waya. Shayi, burodi, ƙwai, shi ke nan. Amma ba ta miƙa maka kofi sai ta ga tikitinka.

"Haba Inna, shayin ma sai da biza?" in ji wani matafiyi.

"Kawo dai, ɗan nan. In jirginka ya kusa in sirka maka, kada ka ƙona harshe a banza."

Dalilinta? Lasifikar filin jirgin nan in ta yi magana, kamar mutum a cikin randa. To, Inna ce ke riƙe jirgin kowa a ka, lokaci na yi ta bi tebur tebur tana tashin mutane. Mai turare ya ga ranar da ta bar madara tana ƙonewa, ta je ta buga ƙofar banɗaki har ta fito da wani tsoho ana gab da rufe jirgi.

Ni kuwa tsorona ya wuce na shayi. Mahaifiyata kunnenta ya yi nauyi, kuma ita kaɗai take tafiya ganin likitan zuciya, don mai rakiya iyakarsa ƙofa. In jirgi ya tafi ya bar ta, sai wata da watanni kafin likita ya sake ba ta rana. Inna, ke ce kunnenta. Ke kike kama hannunta har bakin layi, sannan ki kira ni: "Ta shiga, koma gida."

Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. An ce injin sayar da shayi za a kafa a lungun. Ranar Mama kuwa sai wata mai zuwa, kuma wallahi tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

"Inna, wa zai tashe ta?" na tambaye ki a waya.

Kika ce, "Mutane ba su ƙare ba, ɗan nan."

Allah Ya sa. Mun gode, uwar matafiya, Allah Ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma masu jiran jirgi, don Allah ku ɗaga kai daga waya. In kowa ya miƙe kuka ga wata tsohuwa zaune tana murmushi, ba ta ji ba ne. Ku taɓa kafaɗarta.