Gwiwata ta Hagu

Shekarar da kurkunu ya cika zangon Salaga, nawa a gwiwar hagu ya fito, ina budurwa. Tsutsar ta tsinke a ciki, gwiwa ta kumbura. Mahaifiyata ta kira maƙwabcinmu, wani dattijo da ya taɓa aikin wanke almakashi a asibiti, daga nan ya naɗa kansa likitan unguwa.

Ya tsaga wurin, ya zuƙo ruwan da ake jiƙa kayan tiyata a sirinji, ko sirkawa bai yi ba, ya ɗura mini har cikin gaɓa. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ya ce wa mahaifiyata, "Ƙyale ta, zafin nan shi ne aikin." Kullum sai ya dawo ya ƙara.

Ciwo ya warke, gwiwa ta sandare. Na yi aure a Yendi, garin da ake gaida manya a tsugune. Ni kuwa a tsaye nake gaida surukaina kamar soja, har aka ce girman kai gare ni. Salla ma a kujera, ƙafa a miƙe.

Sai da muka koma Bawku wani likita ya duba hoton ƙashina ya yi mini bayani. Farin guringuntsin nan da muke taunawa a kan ƙashin kaza, irinsa ne ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa. Ruwan nan da aka ɗura mini na wanke ƙarfe ne, ya kashe guringuntsin, kuma ba ya tohowa. Tun ranar na tsani dattijon nan, ban kuma ɓoye wa kowa ba.

Da ya tashi tafiya Makka, ya bi mutane neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Har Bawku ya zo, ya same ni a rumfar hatsina. Ya tattara babbar riga ya durƙusa a gabana, gwiwoyinsa biyu lafiya lau, ko ƙara ba su yi ba.

"Ɗiyata, yi haƙuri, ki yafe mini."

Na bar shi a ƙasa, na auna wa wata mata gero, na ɗaure mata. Sannan na ce, "Baba, zafin nan shi ne aikin. Ranar da goshina ya taɓa ƙasa a sujada, ka dawo ka tambaye ni."

A Makka ya rasu, mutane suna ta cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe. Ni dai har yau a kujera nake salla, kuma ban yafe ba.