Takwaran da Bai Zo Suna Ba

Na ga abubuwa da yawa a wannan aiki namu na rubuta manhajar kwamfuta, wasu na manta, wasu kuma ni na ga dama na watsar da su. Amma abin da ya faru tsakanina da Malam a shekarar da aka haifi ɗana na fari, ko tsufa ya sa na manta hanyar gidana ba na jin zai fita daga raina.

Ni ba ɗan Dutsin-Ma ba ne. Aiki ne ya kawo ni, a wani kamfani mai sayen hatsi da rarraba taki, wanda ke da rassa a garuruwa da dama. Mu biyu ne masu kula da manhajarsa a wannan yanki, ni da Malam, mutumin Kurfi, wanda a shekaru ya haife ni. A lokacin kowane reshe yana da kwafin manhajar a kwamfutarsa, saboda haka in muka yi gyara sai mu hau babur ɗin Malam mu bi rassan ɗaya bayan ɗaya, da gyaran a cikin filas ɗin kwamfuta a aljihu. Babu tafiyar da ban yi ƙorafi ba, don ni mutum ne mai ƙorafi, ba na ɓoyewa. Amma a bayan babur ɗin nan muka saba. Mahaifina ya rasu tun ina makaranta, dangina suna nesa, da na tashi aure Malam ne ya zauna a gaban mutane ya karɓa mini.

Dokar aikinmu ita ce, duk abin da na rubuta ba ya tafiya ko'ina sai Malam ya duba. Kuma yana da bakin duba aiki. Ba zai ce ka yi kuskure ba, sai ya rubuta maka a gefe, "Injiniya, wanga aiki naka yana tahiya, amma da ɗingishi." Injiniyar ma tsokana ce, ya san ba ni da takardarta.

Ana nan sai babban ofis ya ce za a sabunta komai. Za a tattara rassan duka a kan dandali ɗaya a intanet, ka rubuta gyara a ɗakinka, dandalin ya gwada shi, ya aika wa kowane reshe da kansa. Aka kuma ce za a sa ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ke koyo daga rubutun mutane, ta riƙa taya mu rubutu da dubawa. Duk kamfanin babu wanda ya kai ni zumuɗi. Kuma gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Aikin da da yake cinye mana damina guda ya koma na 'yan kwanaki. Da aka ga haka sai aka rufe ɗan ofishinmu na Dutsin-Ma, aka ce kowa ya yi aiki daga gida. Ranar da muka kwashe kaya, Malam ya ɗaure jakarsa a bayan babur, inda na saba zama, ya ce, "To Injiniya, ka huta da ƙorahi." Na yi dariya, har da tafa hannu.

Farkon damina mai ɗakina ta tafi gidansu a Dabawa goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Dabawa ba nisa, amma gidan surukai ba wurin zarya ba ne, in ka je yau ka je gobe sai a fara kallonka. Sai gida ya zama daga ni sai kwamfuta da ƙarar fanka in an kawo wuta. Majalisar unguwarmu ta 'yan kasuwa ce, hirarsu farashin masara da raguna, ni kuwa in na ce ina aiki sai wani ya ce, "Aiki a kan katifa?" a kwashe da dariya. Na daina fita. Akwai ranakun da in ka cire sallamar masallaci, ban buɗe baki na yi wa ɗan'adam magana ba.

Abin da ya rage mini shi ne Malam. A dandalin akwai wurin da mai duba aiki yake rubuta gyaransa, kai ma ka ba shi amsa. Duk aikin da na tura, sai ga sunansa da ɗan hotonsa mai hula zanna, da bakin nan nasa da na sani. Abin da ya canza kawai shi ne sauri. Da sai bayan la'asar yake amsawa, yanzu kafin shayina ya huce ya gama. Na ɗauka na'urar ce take rage masa wahala. Har na tsokane shi na ce, "Malam, maganin tsufa aka samo ne?" Ya ce, "Aiki ne, Injiniya. Duba wurin da na nuna maka." Na kira wayarsa wasu lokuta na ji ta a kashe, na ɗora laifin a kan sabis. Hanyar Kurfi kuma a lokacin ba kowa ke son binta ba sai da dalili. To wane dalili gare ni, mutumin da kullum muna tare?

A hankali wurin gyaran aiki ya zama wurin hirata. In na tura aiki sai in ƙara da gaisuwa, daga gaisuwa sai labarin gida. Da ƙafafun mai ɗakina suka kumbura aka ce jininta ya hau, tsoro ya kama ni sosai, kuma babu wanda zan gaya wa. Uwata tana da nata ciwon, ba zan tayar mata da hankali ba. Malam ne na rubuta wa. Na gaya masa ina jin tsoron kada in rasa ta, na gaya masa gidan ya yi mini faɗi, na gaya masa abubuwan da namiji ba ya faɗa a majalisa. Ya ce, "Allah shi sawwaƙe, shi raba lahiya. Ka kwantar da hankalinka." Sai ya koma kan gyara. Na ɗan ji zafin gajartar amsar, amma na ce dattijo ne, ba ya son ya ƙara mini rauni. Kuma wallahi amsar ta riƙe ni, sau da yawa nakan koma in sake karanta ta.

Da kaka ta kama Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Ban yi shawara da kowa ba, na yi masa huɗuba da sunan Malam. Na sayo goro da alewa na bi gida gida, har 'yan majalisar da ke yi mini dariya sai da na kai wa. Malam kuwa, da yake shi na gida ne, sai na rubuta masa a dandalin cewa an sauka, suna ranar kaza da safe a ƙofar gidana, kuma ya zo da wuri don akwai abin da zai ji. Ya ce, "Barka, barka! Allah shi raya, shi kai mu." Na ɓoye maganar sunan, ina son in ga fuskarsa a lokacin da liman zai faɗa.

Ranar suna na shimfiɗa masa darduma kusa da ta liman. Mutane suka taru, rana ta fara ɗagawa, ina ta leƙen bakin layi, duk babur ɗin da ya shigo sai gabana ya faɗi. Na roƙi liman ya ɗan jira, ya jira, har 'yan kasuwa suka fara duba agogo. Daga ƙarshe aka yanka rago aka raɗa suna. Da aka faɗi sunan sai waɗanda suka halarci ɗaurin aurena suka fara waige-waige. Surukina ya sunkuyo ya ce, "Ina shi takwaran? Halan ba ka hwaɗa mishi ba?" Na ce na faɗa masa. Sai ya dubi dardumar da babu kowa a kai. Ban taɓa jin maraici irin na wannan safiya ba, ko ranar da aka binne mahaifina akwai masu dafa ni.

Na ƙi buɗe kwamfuta. Da aka soya naman suna aka fara rabo, na ƙulle nasa a leda, na haɗa da goron da ya rage, na ce ni da kaina zan kai masa, in ajiye a gabansa, in gaya masa abin da ke raina, in juyo. Tun daga tasha nake shirya maganganun da zan faɗa, kuma masu zafi ne. A gidansa na Kurfi wata maƙwabciya ta ce ai tun shuka suka koma Tamawa da iyalinsa, yana gona. Wannan ya ƙara tunzura ni. Wato yana da lokacin noma, ba shi da lokacin sunan ɗana.

Na same shi a gona ana ɗaurin dawa, da tsohuwar riga da malfa, ya rame ya yi duhu. Ya ɗago ya gan ni, bai yi murmushi ba. Muka gaisa a tsaye kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Sai ya ce, "Injiniya, yau hanya ta biyo da kai?"

Duk abin da na shirya ya watse. Na ce, "Malam, me na yi maka? Ko aike ba ka iya yi ba? Na shimfiɗa maka darduma, mutane suna tambayata, surukina yana kallona. In ba za ka zo sunan ba, me ya sa ka ce Allah ya kai mu?"

Ya ce, "Wane suna?"

Na zaro waya, na buɗe dandalin na miƙa masa. Ya goge hannu a riga, ya nisanta wayar da idonsa saboda babu tabarau, ya fara karantawa. Da ya zo wurin ɗingishi sai ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wanga bakina ne. Amma ba ni ba ne."

Muka zauna a kan dami ya ba ni labari. Bayan an rufe ofis, an neme shi ya tattara duk gyare-gyaren da ya taɓa rubutawa tsawon shekaru, aka ɗora wa na'urar ta koya. Da ta iya, aka yi masa godiya, aka sallame shi, ya mayar da kwamfuta da layin waya, don duk na kamfani ne. Sunansa kuwa an bar shi a dandalin, saboda izinin amincewa da kowane gyara a kansa yake tun zamanin tsohuwar manhaja, sauya shi aiki ne, sai kawai aka ɗaura na'urar a kai. Babu wanda ya yi da mugunta. Wani ne can ya ga hanya mafi sauƙi ya bi.

Na ce, "To me ya hana ka nemo ni?"

Ya ce, "Ni za ni nemo ka? Wanda aka sallama shi ka bi gida gida yana shela? Na zamna ina jiran ka taho mani jaje. Duk mashin ɗin da ya tsaya bakin gona sai in ɗaga kai. Da shiru ta yi yawa na ce, to, yaron da na amsar ma aure ya samu sabon malami."

Ya ci gaba da jan rubutun sama, har ya kai wurin kumburin ƙafa da hawan jini. Na so in karɓe wayar don kunya, ya hana. Ya karanta har ƙarshe. Sannan ya ce, "Duk wanga kai kaɗai ka shige shi? Da ni ne, ai da ranar na kwana Dutsin-Ma." A nan na kasa riƙe hawaye, a gaban masu ɗaurin dawa, ni da nake ganin kaina jarumi.

Da na natsu ya ce, "Mi aka samu?" Na ce namiji. Ya ce, "Mi aka sa mishi?" Tun da na san Malam ban taɓa furta sunansa a gabansa ba, kamar yadda mutum ba ya kiran sunan ubansa. Ranar na sunkuyar da kai na faɗa. Ya cire malfarsa ya ɗora a gwiwa, ya kalli gona. Can ya miƙo hannu ya ce, "Ina gorona?" Na kwance ledar da na ƙulle da fushi. Goron ya fara bushewa, ya ɓare shi haka nan ya ci, ya miƙo mini ɓari ɗaya.

Da na dawo na matsa wa babban ofis har suka cire sunansa da hotonsa, aka rubuta ƙarara cewa na'ura ce ke dubawa. Har yau ina aiki da ita, kuma ta iya aiki, har ɗingishin tana faɗa mini. Yaron kuwa Malam Ƙarami muke kiransa, yanzu shi ke zama a gaban babur in za mu Tamawa.

Na sha tambayar kaina yadda aka yi damina guda ban gane ba. Alamar tana nan a fili. Duk tsawon lokacin nan, abin da na faɗa ake amsa mini, ba a taɓa fara tambayata ba. Malam na gaske da ya ji shiru zai ce ya jikin yarinyar, ya kwanan gidan. Wannan ne abin da na koya: mai amsa maka daban, mai cigiyarka daban. Tun daga ranar, in mutum yana da matsayi a wurina, ba na auna zumuncinmu da saƙon da ke shiga yana fita. Ina saka goro a aljihu in taka in je in ga fuskarsa.