Ranar da Na Bar Surukata a Bayan Dutse

In dai ina numfashi, ba zan manta ranar da na tayar da mota na bar surukata a tsakiyar hamada ba. Na san abin da za ku ce, to ku dakata tukuna. Wallahi ba da gangan na yi ba, kuma duk wanda ya yi mini dariya kafin ya ji ƙarshen zancen, Allah ya haɗa shi da tafiyar kwana biyu daga shi sai tasa surukar.

A shekarun tamanin ne, ina tuƙa wa kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, mota a Jidda. Mutumin ɗan kasuwa ne mai son abin a-zo-a-gani. Wata rana ya sayo wata mota a hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Larabawa na ce mata karafan, ni kuwa gida na gani an sa masa tayoyi. Ga gado, ga murhun gas, ga firij, ga ɗan tebur, har da ban-ɗaki wanda in za ka tsuguna sai ka nemi izinin gwiwoyinka. Ranar da na kawo ta unguwarmu Mahjar, wata tsohuwa sai da ta yi sallama ta cire takalmi kafin ta leƙa ciki. Kafilina ya ce in kai ta gonarsa ta dabino da ke Ula, can arewa, kafin Alhamis. "Yalla, ka kai ta ka dawo, halas."

A lokacin matata ta haifi 'yarmu ta fari, ko arba'in ba ta yi ba. Mahaifiyarta, wadda muke ce wa Inna, ta zo umara daga gida ta tsaya mata zaman jego. Matata a Jidda ta tashi a hannun kawunta, saboda haka kunyarmu ta Hausa sama-sama ta san ta. Tana jin batun tafiya ta ce, "To ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Inna ba ta yi ziyarar Madina ba. Ka tafi da ita, in kun ajiye motar ku biyo ta can." Na ce, "Ni da Inna? Mu kaɗai?" Ta ce, "Ai kai muharraminta ne, ka tambayi kowane malami." Na ce malamin bai yi ƙarya ba, amma ba shi zai zauna a motar ba.

Ku gane mana. Tunda na auri 'yarta ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskar Inna ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. In na hango ta a zaure sai in tuna na manta wani abu a waje. Ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba, ga shi matata ce 'yarta ta fari, kunya kan kunya. In da magana, sai dai a aika. To yanzu ga mu za mu shiga akwati ɗaya babu ɗan aike.

Dabarar da na yi, na ɗauki zanen atamfar matata na ɗaura shi labule tsakanin kujerar direba da ɗakin baya. Muka kama hanyar bakin teku ta Yanbu. In ina son magana sai in yi gyaran murya in tambayi sitiyari, "Ko mutanen baya na bukatar a tsaya?" Can sai in ji an amsa, kamar da firij ake yi, "A ce masa an gode." In ta yi shiru, wannan ma amsa ce: babu komai, a ci gaba. Ta zo da 'yar rikodarta tana sauraron karatun Alƙur'ani. In lokacin abinci ya yi, sai in ɗauki burodina da gwangwanin kifi in zagaya bayan mota in ci a tsugunne kamar ɓarawo. Da muka kwana a hanya, ita tana kan gadon Bature, ni ina kan tabarma a gindin taya. A raina har yabon kaina nake yi, na ce wa ya ce ba a iya zaman surukuta a mota?

Rana ta biyu muka bar teku muka shiga ƙasar duwatsu. Ban taɓa ganin irinsu ba. Jajaye ne, dogaye, a tsattsaye hagu da dama, hanya tana ratsawa ta tsakaninsu, ƙasa kuma sai yashi da ƙaya. Babu gari, babu rumfa, sai jefi-jefi ka ga raƙumi yana kallonka kamar ka zo neman rance. Zafi kuwa, in ka dafa jikin mota sai ka janye hannu.

Da azahar na sauka daga titi na tsaya a inuwar wani dutse. Na yi salla, na ɗauki abincina na yi nisa, don wannan karon babu inda zan ɓoye kusa. Da na dawo na buɗe ƙofar gefe kaɗan, idona a ƙasa kamar kullum, sai ga takalman Inna a jere a bakin ƙofa. Rikoda tana ta karatu. Na rufe, na zagaya na hau kujerata, na yi gyaran murya na ce wa sitiyari, "Za a tashi." Shiru. Na ce Bismillahi, na ba ta wuta.

Jama'a, fiye da awa guda ina tuƙi ina ladabi ga labule. Kaset ya ƙare na ji ya yi ƙat, ba a juya shi ba, na ce Allah sarki, barci ya ɗauke ta. Na rage gudu. Duk rami sai na lallaɓa na kauce masa don kada in tashe ta. Har atishawa ta zo mini na danne.

Kusa da Ula muka tarar da shingen bincike. Wani askari, wato ɗan sandan can, siriri mai gashin baki, ya miƙo hannu. Na ba shi iƙamata ta izinin zama da takardar kafili da fasfon Inna. Ya ce, "Mai wannan tana ina?" Na nuna baya da babban yatsa. Ya zagaya ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama sau uku, shiru. Ya dawo ya leƙo ta wajena ya ce in ɗaga labulen. Na ce, "Kai dai ɗaga." Ya ce, "Ni ba muharraminta ba ne, kai ne." Na ce, "Ni kuma surukinta ne." Ya ce, "To ai shi na faɗa!" Muka tsaya, ƙarti biyu, muna gardama a gaban zanen atamfa, kowa da abin da ya hana shi. Da na ga ya fara taɓa ɗamararsa, sai na runtse ido na ja labulen.

Ya ce, "Buɗe idonka." Na buɗe. Ga gado a gyare, ga rikoda, ga maganinta na hawan jini a kan tebur, ga takalma. Babu Inna.

Na faɗa ciki na buɗe ban-ɗakin, na duba har ƙarƙashin gado, kamar ƙwarya nake nema. Sai na lura butarta ba ta nan, silifan wanka ma babu. Nan take na gane. Tun daga Jidda Inna ba ta taɓa shiga ban-ɗakin nan ba. Ina za ta shiga, a ɗakin da ake ajiye abinci, surukinta kuma yana bayan zane yana jin motsi? Ashe duk tsayawar da muke yi, sai na ba da baya take saɗaɗawa. Na bar tsohuwa mai hawan jini a cikin wannan rana, ba ta da komai sai ruwan buta.

Askarin kuwa abin da ya gani daban: baƙon direba, da fasfon mace, da takalmanta, babu mace. Ya ce in kwatanta masa ita. Na ce, "Tana da lalle a ƙafa. Ɗan yatsanta na hagu ya ɗan hau kan ɗan'uwansa." Ya ce, "Fuskarta nake tambaya!" Na ce ban sani ba. Ya buɗe fasfon ya kawo hoton saitin hancina, ni kuma, Allah ya shirye ni, sai na sunkuyar da kai. Ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ga majnuni, wato mahaukaci. Na ce, "Ku kira ni duk abin da kuka ga dama, ku ɗaure ni ma, amma bayan mun ɗauko ta." Ina jin muryata ce ta sa ya yarda. Ya shigo ya zauna a gefena, na juya gidan nan a tsakiyar titi.

Ramukan da na lallaɓa ɗazu, yanzu ta kansu na bi. Tukwane suna zubowa, ƙofar firij tana buɗewa tana rufewa. Ina tuƙi ina lissafin abin da zan gaya wa mai jego. In ce mata me? Na kai uwarki ziyara na manta ta a bayan dutse? Ga duwatsun duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sau biyu ina tsayawa a inda ba nan ba. A na uku ne na hango gwangwanin kifina yana ƙyalli a rana.

Muka sauka. Babu kowa. Askari ya ce, "Kira ta!" Na cika ƙirji na ce, "Salamu alaikum!" Duwatsu suka dawo mini da sallamata. Ya daka mini tsawa, "Sallama ka zo yi? Kira ta!" A nan ne wani abu ya tsinke mini. Na kware baki na ce, "Inna! Inna!" Ina gudu cikin yashi, takalmina ɗaya ya fita, hawaye na zuba, ban damu ba. Sai can, daga wani tsagin dutse, na ji an yi gyaran murya. Ba amsawa ta yi ba, ku ji fa. Gyaran murya.

Tana zaune ta jingina da dutse a 'yar inuwar da ba ta kai tabarma ba, ta ja mayafi, carbi a hannu. Na zube a gabanta, kuma a karo na farko na kalle ta. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, leɓɓanta sun bushe sun tsage, numfashinta sama-sama. Hancinta da goshinta sak na jaririyar da na baro a gida. Kwana da kwanaki ana cewa yarinya ta ɗebo kakarta, ina cewa haka ne, ashe ban san abin da nake amsawa ba.

Na duba butar, da sauran ruwa fiye da rabi. Na ce, "Inna, ba ki sha ba?" Ta ce, "Na la'asar ne." Askari ya kawo ruwan sanyi, ta sha, na ba ta maganinta. Da ta ɗan dawo hayyacinta na ce, "Inna, ba ki ga tashina ba?" Ta ce, "Na gani. Ban fi taku ashirin da motar ba." Na ce, "To don Allah me ya hana ki kira ni?" Ta kalli gefe ta ce, "In ce wa?"

Na fassara wa askarin. Ya dube ni, ya dube ta, ya ɗaga hannu sama ya koma mota yana magana shi kaɗai.

Kafin mu tashi na kwance zanen nan na ninke. Na ce, "Inna, gaba za ki zauna, inda zan riƙa ganinki." Ba ta yi musu ba. Askari ya koma kan gadon Bature, ita ta zauna a gefena, fuskarta a taga. Mun yi nisa kafin ta ce, kuma wannan karon da ni take, ba da firij ba, "Kada yarinyar nan ta ji. Nononta zai ɗauke." Na ce to. Muka kai mota, muka yi ziyara, muka koma Jidda. Matata ta tambaye ta yaya hanya, ta ce, "Mijinki akwai natsuwa a tuƙi. Ko rami ba ya faɗawa." Na shiga ɗaki da sauri.

Shekara goma sha ɗaya Inna ta ƙara a duniya, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai bayan rasuwarta na ba matata labari. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, ni ma da ita aka raine ni. Amma ranar nan na koyi cewa girmamawar da za ta hana ka duba ko mutum yana nan, ta kusa zama sakaci. Yanzu jaririyar nan ta yi aure, ni ne suruki. In mijinta ya ɗauke ni a mota, yakan sunkuyar da kai yana magana da sitiyari. Sai in ce masa, "Kai, ɗago ka kalle ni da kyau. In ka manta ni a hanya, ina so ka san wanda za ka ce a nemo."